Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Adireshi Biyu da Suka Dawo Mini da Aiki

A makon jiya na tsaya a inda na bar gyaran kwamfuta a shagon yayana da ke Zango, na koma ɗakina a Birni da niyyar neman abinci da alƙalami. Aikin farko da na samu ya zo ne a 2021, daga wani kamfanin koyarwa ta intanet da ke neman wanda zai rubuta tambayoyin gwaji hamsin da Faransanci, kowace da bayanin amsarta, domin masu shirin jarrabawar CCNA ta kamfanin Cisco, wadda ke ba da takardar shaidar ƙwarewa a haɗa kwamfutoci domin su yi sadarwa da juna.

Buƙatar a fili take. Tun watan Fabrairun 2020 Cisco ta haɗe rassan wannan takardar shaida zuwa jarrabawa guda mai lamba 200-301, wadda ake zaunawa cikin minti 120 da Ingilishi ko Japananci, alhali mu a nan Damagaram da Faransanci muka yi karatu. Yaron da zai biya dalar Amurka 300 kuɗin rajista, wanda sau da yawa dangi ne suke haɗa masa, yana da hakkin ya fahimci darasin da harshen da ya saba kafin ya fuskanci baƙon harshe.

Na yi mako biyu ina rubutu bayan sallar isha'i, lokacin da zafi ya lafa, ina lura da batirin kwamfuta saboda ɗaukewar wuta. Na aika aikin zuciyata cike da murna, amma bayan kwana uku editar ta dawo da shi, ta ja jan layi a ƙarƙashin tambaya ta 17. Na rubuta cewa rukunin adireshin IP (wato lambar da ake gane kowace na'ura da ita a hanyar sadarwa) mai alamar /26, wadda ke nuna girman rukunin, yana ɗaukar na'urori 64. Adireshin lalle 64 ne, sai dai na farko sunan rukunin ne kansa, na ƙarshe kuma an keɓe shi domin yin shela ga dukkan na'urorin, saboda haka 62 ne kawai ake iya rabawa. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne na san wannan tun ina shago, gaggawa ce ta sa na amince da ƙwaƙwalwata ban gwada ba, kuma da ya wuce, da ɗalibai sun haddace kuskurena sun shiga da shi ɗakin jarrabawa.

Da safe na kai wa yayana labari, na tarar yana hure ƙura daga cikin wata kwamfuta. Bai ɗago kai ba ya ce, "Ƙanena, ka taɓa ganin na miƙa wa mutum na'urarsa ban kunna ta a gabansa ba?" Na ce, "A'a, Yaya." Ya ce to rubutun ma a kunna shi.

Daga ranar na buɗe manhajar Packet Tracer, wadda Cisco ke bayarwa kyauta ga masu koyo, na gina kowace tambaya da na'urorin kwaikwayo, na haɗa wayoyinsu, na aika saƙon gwaji daga wannan zuwa waccan har sai na ga amsar da idona. A haka na gano wasu kurakurai biyu da editar ma ba ta hango ba, na gyara, na kuma sanar da ita da kaina. An karɓi aikin, aka ƙaro mini tambayoyi ɗari.

A kashi na gaba zan kawo yadda kuɗin wannan aiki ya yi doguwar tafiya kafin ya iso hannuna da sefa.