Tarihin Rayuwata, Kashi Na 9: Jegon Da Aka Yabi Kunyata

Makon jiya na tsaya a inda aka mayar da ni gidanmu a Argungu goyon ciki. Cikin hunturun 2016 na sauka, aka samu ɗa namiji.

Inna ba ta rage ni da komai ba. Tun asuba tukunya na kan wuta, Gwaggo ta tsoma ganyen darbejiya a tafasasshen ruwa ta yi ta fyaɗa mini, safe da yamma. Ga kunun kanwa, ga yaji, ga nama. Mata suna ta shigowa barka: "Ina gajiya? Ya ruwan zafi? Ya ɗan baƙo?" In ce lafiya lau.

Ba lafiya ba ce. Idan aka miƙo mini yaron hannuna rawa yake yi, gani nake zan yar da shi. Ya yi kuka in ce a raina nonona ne bai ishe shi ba, ni ce ban iya ba. Dare ya raba, shi ya yi barci, ni idona biyu, hawaye na bin matashi ban san dalili ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne in dube shi in ji zuciyata wayam.

Kun san al'adarmu game da ɗan fari: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. To, duk sanda na kawar da kai sai a ce, "Kai, yarinyar nan akwai kunya!" Ciwo na cina, ana yaba tarbiyyata. Har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi, don na san akwai masu jego da yawa da kunya ta lulluɓe su haka.

Gwaggo ce ta gane. Wajen kwana 25 da haihuwa, muna bayan ɗaki, ta ajiye ganyen ta ce, "Ɗiyata, na yi wa mata wanka ba iyaka. Wannan shirun naki ba na kunya ba ne. Mi ke damunki?" Na fashe da kuka har ruwan ya huce.

Wata maƙwabciya ta ce iska ce, a nemo hayaƙi. Gwaggo ta ce addu'a muna yi, asibiti kuma za mu je. Ranar da muka kai yaron rigakafi ta ja Sista gefe. Sistar ce ta zaunar da ni ta yi mini bayani: bayan mabiyiya ta faɗi, wasu sinadaran jikin mace kan ragu lokaci guda, shi ya sa mata da yawa ke yawan kuka a kwanakin farko. Idan abin ya zarce mako 2, yana iya zama ciwon damuwa na bayan haihuwa, kuma yana da magani. Daga baya na karanta cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan mace 1 cikin 5 a ƙasashe masu tasowa na fama da irin wannan larura bayan haihuwa.

Daren nan Gwaggo ta ɗauke yaron zuwa ɗakinta, sai in zai sha nono take kawo shi. Da safe ta ɗora mini shi a cinya, ta rufe ƙofa, ta ce, "Babu kowa. Kira sunanshi in ji."

Mako mai zuwa zan ba ku labarin ranar da maigidana ya zo daga Birnin Kebbi, da abin da ya ce da ya ji an tura ni wajen likita.