Maus yana tsalle, Wi-Fi yana yankewa: yadda na warware zare da abawa

Kwamfutata ta cinya tana ɗauke da tsarin aiki biyu, Windows da Ubuntu. Windows don aikin mutane, buga takardu da gyaran hotuna, Ubuntu kuwa don koyon rubuta manhaja da daddare. Tun shigowar damina ta tsiro da wani hali. Maus ɗina mara waya sai ya tsaya cak, kibiyar ta daskare, can kuma ta yi tsalle ta faɗa wani lungun. Wi-Fi ma haka, ana cikin sauke abu sai ya yanke, jim kaɗan ya dawo da kansa kamar ba a yi ba. Na kai wa mai gyaran unguwarmu, komai ya yi lafiya lau a gabansa. Ya juya ta, ya ce, "Yallaɓai, famatin kawai za a yi mata."

Ban yarda ba. Wanda yake da tsarin aiki biyu a kwamfuta ɗaya shaidu biyu gare shi, to me zai sa ya kore su kafin ya ji ta bakinsu? Matsalar da ta bayyana a ɓangarorin biyu ba ta manhaja ba ce, ko dai daga jikin na'urar take ko daga iskar da saƙon ke bi. Wadda ta tsaya a ɓangare ɗaya kuwa, saiti ne ko direba, wato ƙaramar manhajar da ke sarrafa wani sashe na na'urar. Da wannan ma'auni na fara lura, ina canza abu ɗaya tak a kowane gwaji, sai ga shi ashe ciwo biyu ne daban.

Maus ɗin yana tsallensa a Windows, yana yi a Ubuntu. Na sa masa sabon batir, bai daina ba. Abin da ya tona asiri shi ne faifan ajiya na waje da nake kwashe hotunan biki a ciki. Duk sanda na jona shi a ramin USB mai shuɗin ciki, gab da ɗan risibar maus ɗin, na fara kwafe manyan fayiloli, sai kibiya ta kama rawa. In cire shi, ta nutsu. Dalilin sananne ne: USB 3.0 yana tura bayanai da gudun gigabit 5 a daƙiƙa, kuma hayaniyar lantarkin da ke fita daga bakin ramin da jikin wayar tana faɗawa daidai zangon 2.4 GHz, inda yawancin maus marasa waya, da Bluetooth, da Wi-Fi na zangon ƙasa suke magana. Intel ta fitar da takarda a kan haka tun 2012. Maganin ya kusa ba ni dariya. Na sayi gajeriyar wayar USB ta ƙari, na jona ta a baƙin ramin 2.0 na ɗaya gefen, na maƙala risibar a ƙarshenta kusa da inda hannuna yake. Shi ke nan, tsalle ya ƙare.

Masu kunna umarnin powertop --auto-tune a Ubuntu don tsimin batir, kuma wa zai ga laifinsu a wannan halin wuta, su sani yana iya sa ramin USB barci. Alamarsa daban ce: ka saki maus na ɗan lokaci, sai ka danna shi kafin ya farka.

Wi-Fi ne ya fi cin lokaci. Da farko sai da na raba laifin kwamfuta da na sabis. Na buɗe Terminal biyu, wato tagar rubuta umarni, ɗaya yana ping (aika ɗan saƙon gwaji a ga ko za a amsa) zuwa adireshin MiFi ɗina, ɗayan zuwa 8.8.8.8, wani adireshi na waje a intanet. In MiFi yana amsawa na waje ya yi shiru, sabis ne ya ɗauke, kuma babu abin da za ka taɓa a kwamfuta ya gyaru. Ni kuwa duka biyun suke mutuwa tare, kuma a Ubuntu kaɗai. Da na ƙara sa ido, sai na ga abin ya fi tsanani in na fito daga Windows ta Shut down, wani lokaci ma alamar Wi-Fi ta ɓace gaba ɗaya. In ta Restart na fito, da sauƙi.

Nan Fast Startup ya shigo. Tun Windows 8 aka zo da shi. In ka danna Shut down, tsarin ba ya mutuwa ɗungurungum, yana adana halin da ƙwaryarsa (kernel) da direbobinsa suke ciki a fayil ɗin hiberfil.sys don ya tashi da wuri. Ga mai Windows kaɗai wannan alheri ne. Amma in Ubuntu ne zai biyo baya, yana iya tarar da katin Wi-Fi a yanayin da bai shirya masa ba. Ga wata shaida: ɓangaren faifan da Windows yake kai yakan buɗu a Ubuntu don karatu kawai, ba ka iya ajiye komai a ciki. A Control Panel, ƙarƙashin Power Options, wurin zaɓen aikin maɓallin kunnawa, nan na cire wa Fast Startup alamar. Mai son gwaji kafin ya canza saiti, ya danne Shift yayin da yake danna Shut down, zai samu cikakkiyar kashewa.

Ragowar yankewar ta tsimin wuta ce a Ubuntu kanta. Na bar umarnin sudo dmesg -w, mai nuna saƙonnin tsarin kai tsaye, a buɗe, ina ganin katin yana rabuwa da MiFi yana sake haɗuwa, musamman in na cire caja. A cikin /etc/NetworkManager/conf.d akwai fayil mai suna default-wifi-powersave-on.conf, a ciki an rubuta wifi.powersave = 3. Na mayar da 3 ɗin 2, wato a kashe, na sake kunna kwamfutar. Batir ya ɗan rage jimawa, na kuma yarda da cinikin.

MiFi ɗina ba shi da zangon 5 GHz, da can na koma na huta da cunkoson maƙwabta. Sai na kafe shi a tasha ta 11, tunda a zangon 2.4 tashoshi 1 da 6 da 11 ne ba sa hawa kan juna, kuma na tarar mutanen gidanmu sun cika biyun farko. Duk sanda Windows ya yi babban sabuntawa, nakan leƙa Power Options in tabbatar alamar nan ba ta dawo ba.