Robar mahaifa: abin da ba a gaya wa ƙanwata ba

A bara ne ƙanwata, wadda ta haifi 'ya'ya huɗu cikin shekara bakwai, ta yi shawara da maigidanta cewa lokaci ya yi da jikinta zai huta, sai ta je sashen tazarar haihuwa na wani asibiti aka sanya mata robar mahaifa, irin mai jan ƙarfe. Aikin bai kai minti goma ba. Bayan haka ne al'adarta da ta saba yin kwana biyar ta koma kwana tara, jini ya ƙaru, mara ta riƙa murɗa mata kamar farkon naƙuda. Kunya ta hana ta faɗa wa kowa, har ranar da na je gidanta na tarar da ita a bakin murhu ta dafe kai, tafin hannunta fari fat. "Yaya, tun da aka sa mini abin nan ban sake jin daidai ba," in ji ta, "ga shi ban san ranar da zan yi salla da ranar da zan bari ba."

Ba na cikin masu kushe robar, domin tana daga cikin hanyoyin tazarar haihuwa mafi inganci: a cikin mata 100 da ke amfani da ita, ba a cika samun ko ɗaya da ta ɗauki ciki a shekara ba, kuma samfurin Copper T 380A da aka fi sanyawa a asibitocinmu yana yin shekara 10 yana aiki. Abin da ya ɓata mini rai shi ne, ƙaruwar jini da ciwon mara sanannun abubuwa ne game da mai jan ƙarfen, musamman a wata uku zuwa shida na farko, amma babu wanda ya zaunar da ita ya yi mata wannan bayani. Macen da ta jera haihuwa, ga shayarwa, ga zazzaɓin cizon sauro, sau da yawa dama jininta bai cika ba, don haka ya kamata a duba wannan tun kafin a sanya. Da an tambaye ta, wataƙila da an ba ta zaɓin ɗaya nau'in mai sinadarin levonorgestrel, irin su Mirena, wanda ke rage jinin al'ada har wasu matan su daina ganinsa, ko da yake shi ma yakan kawo ɗigon jini a watannin farko.

Akwai matsalolin da suka fi wannan nauyi, kuma ɓoye su ba ya amfanar kowa. Roba takan zame ta fito, galibi a shekarar farko ko lokacin al'ada, wani lokaci ba tare da mace ta sani ba, shi ya sa ake koya mata lalubar zaren robar da ke bakin mahaifa. Takan kuma huda bangon mahaifa yayin sanyawa, abin da ke faruwa ga kusan mace ɗaya cikin 1,000, kuma haɗarin ya fi yawa ga mai shayarwa ko wadda ba ta daɗe da haihuwa ba. A nan ne, ina jin, maganar da ake yi a gidajen suna cewa roba tana tafiya har zuciya ta samo asali. Ba ta zuwa zuciya. Idan ta huda, a cikin ciki take tsayawa, hoto ya nuna inda take, a yi aiki a ciro ta.

Tsoron kamuwa da cuta shi ma yana da tushe. A farkon shekarun 1970 an sayar da wata roba mai suna Dalkon Shield a Amurka, wadda zarenta ke jan ƙwayoyin cuta zuwa cikin mahaifa, mata da yawa suka yi mummunan ciwo, wasu suka rasu, har aka daina sayar da ita a can a 1974. Robobin yau ba irin wannan zaren gare su ba, kuma haɗarin ya fi taruwa a mako uku na farko, musamman idan mace na ɗauke da ciwon sanyi da ba a yi magani ba. Zazzaɓi, ruwa mai wari, ko ciwon mara mai tsanani ba abin jira ba ne. Haka nan idan al'ada ta ɗauke ga mai jan ƙarfe, sai a gwada ciki da gaggawa, domin cikin da ya shiga alhali roba na nan ya fi sauran ciki yiwuwar zama a wajen mahaifa.

Washegari na raka ta asibiti. Aka auna jininta aka ga ya yi ƙasa, aka ba ta maganin ƙarin jini da na rage ciwo, hoto kuma ya nuna robar na zaune daram. Ma'aikaciyar jinyar ta tambaye ta dalilin da ya hana ta dawowa bayan al'adarta ta farko, ita kuwa ta amsa cewa babu wanda ya ce mata ta dawo. Na zaci za ta ce a cire, domin haƙƙinta ne a cire mata duk ranar da ta buƙata, amma ta zaɓi ta ƙara ba ta lokaci. Batun salla ta kai wa malamarsu ta Islamiyya, wadda ta bambance mata haila da jinin istihala. A wata na biyar al'adar ta dawo kwana shida.