Muhawarar Jiya a Kan Filin Tsohon Bariki

Jiya bayan la'asar na halarci muhawarar da matasan unguwarmu suka shirya wa 'yan takarar kansila a nan Katsina, kuma kusan dukkan lokacin ya ƙare ne a kan filin tsohon barikin soja da ke bayan gidajenmu, wanda tun ina yaro nake ganin ɗakunansa babu rufi.

Ɗan takara na farko ya ce kasuwa zai gina, na biyu ya yi alkawarin yanka fulotai a raba wa talakawa, aka yi ta tafi. Hankalina bai kwanta ba sai da wani dattijo, tsohon malamin makaranta, ya miƙe ya ce, "'Ya'yana, filin nan na wane ne?" Gaskiyarsa, domin Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta danƙa filayen cikin birni a hannun gwamna, ta kuma bar wa Gwamnatin Tarayya waɗanda take riƙe da su, irin na sojoji. Kansila ba shi da hurumin raba ko taku ɗaya.

Na so in ji wanda zai tattara masu unguwanni da ɗan majalisarmu na tarayya, su kai koke a rubuce Abuja, a nemi a saki filin domin gina ƙaramin asibiti, ganin irin nisan da matanmu ke ci kafin su je awo. Babu wanda ya ambaci hakan, kuma har yanzu ban yanke wanda zan ba ƙuri'ata ba.