Kafin ka ɗebi kuɗin shago ka kai wa Malam

Makon jiya wani yaro da ya buɗe shagon kayan masarufi a layinmu, ko wata bakwai bai cika ba, ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, a sa mini albarka, zan kai wa malamaina biyar buhun shinkafa ɗai-ɗai kafin azumi." Na tambaye shi nawa ya ci riba a watan da ya wuce, sai ya faɗa mini cinikin da ya yi. Na sake tambaya, ya sake faɗin ciniki. Nan jikina ya yi sanyi, domin a wannan ramin ni ma na faɗa.

Niyyarsa ba ta da aibu. Mutumin da ya zaunar da kai kan buzu ya koya maka babbaƙu da farfaru, ana kai masa kuɗin Laraba da ba su isa sabulu ba, ko malamin firamare da ya yi ritaya yana jiran garatuti shekara da shekaru, wa zai ce bai cancanci a tuna da shi ba? Har gobe ban yi nadamar abin da ya shiga gidajen malamaina ba. Nadamata ita ce inda na riƙa ɗebowa.

Daga aljihun tebur nake ɗiba. Kuɗin da ke cikin aljihun nan kuwa kusan duk uwar kuɗi ce, ta kayan da za a koma a saro. Ɗauki katan ɗin taliya mai ƙwaya 20. A ce ka saro shi naira 18,000 a Kasuwar Singa, ka sayar da kowace ƙwaya naira 950. Ka haɗa 19,000 ke nan, ribarka dubu ɗaya. Cire kuɗin dako da na mota da leda, da ƙyar 700 za ta rage. To ranar da ka ɗauki katan guda ka ce a kai gidan Malam, sai ka sayar da katan ashirin da biyar, har da ɗori, kafin ka cike gurbinsa. Ni ban taɓa zama na yi wannan lissafin ba. Ina ganin kuɗi na shiga, na ɗauka Allah ya buɗa.

Sannan ga tashin farashi. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, duk ɗan kasuwa ya ga yadda za ka sayar da kaya da riba, ka koma sari ka tarar kuɗin ba za su sayi adadin da ka sayar ba. Mai shagon da yake kyauta daga ciniki a irin wannan yanayi ba zai ji faɗuwarsa ba. Kantoci ne za su fara yin fili, sai ya riƙa jera gwangwanin madara a gaba-gaba don rufe bayan da babu komai.

Abin da ya fi cin shagona ma ba kyautar ba ce. Cewa na yi duk abin da aka aiko daga gidajen malamai a bayar, ba sai an rubuta ba. Ina jin nauyin sa sunan Malam a littafin bashi. Yau sukari rabin kwano, gobe man gyaɗa kwalba, jibi yaron gida ya zo da saƙon da shi Malam bai ma san da shi ba. Su malaman ba su taɓa roƙona ba, ni na buɗe ƙofar kuma na kasa rufewa. Wani lokaci nakan ce, in ni ban yi ba, wa zai yi? Gaskiya ne, amma da shagon ya durƙushe, watan azumi ya zo, ban iya kai ko mudu ɗaya ba. Na riƙa sauya hanya don kada mu haɗu da mutumin da ya koya mini alwala. Wannan kunyar ta fi asarar kuɗin ciwo.

Na so in jero wa yaron nan shawarwari goma, amma da na buɗe baki kaɗan suka fito.

Ka ƙirga kayan shago ƙarshen kowane wata da farashin sari na ranar, ka haɗa da kuɗin hannu, ka cire bashin da ake bin ka da kuɗin hayar da ba ka biya ba tukuna. Abin da ya ƙaru a kan na watan jiya shi ne riba. A cikinsa ka ware kashi ɗaya cikin goma, ka sa a gwangwani daban. In dubu uku ce, dubu ukun ce ta Malam. Annabi (SAW) ya ce a fara da waɗanda ake ciyarwa, ya kuma ce aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne. Gero kwano biyu duk wata ya fi buhu guda da ba za a sake gani ba.

Kada ka yi alkawari da baki. Kada ka buɗe bashin da ba rubutu. In kyauta ce, ka biya shago kuɗinta daga gwangwanin nan kamar kowane mai saye, sannan ka ɗauka. Kuma kada ka kira ta zakka don ka ji sauƙi. Zakkar kasuwanci sai jari ya kai nisabi, shekara ta zagayo, a fitar da ɗaya cikin arba'in, masu karɓarta kuma aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa su. Malamin da yake mabuƙaci yana ciki saboda buƙatarsa.

Ka tambaya kafin ka saya. Ku yaran yanzu ba kwa tambaya, abin da zai yi kyau a hoto kuke nema. A jingina buhu, a tsayar da dattijo kusa da shi, a ɗauka a sa a Facebook. Wannan tozarci ne, ko da wace niyya aka yi shi. Ka samu babban ɗansa ko uwargida ka ji abin da ya fi damun gidan. Sau da yawa maganin hawan jini ne da ke ƙarewa tsakiyar wata, ko tabarau, ko kwanon ɗaki da ke yoyo da damina. Kuɗin datar da kuke ƙonawa a mako ya isa wasu daga ciki.

Na ce masa ya jira sai shago ya cika shekara. Da ya miƙe zai tafi kuma na kira shi na ce kada ya jira. Cikin malamaina akwai wanda na yi ta cewa sai na farfaɗo zan je da abin kirki, sai ta'aziyyarsa na je. Na ce ranar Juma'a ya sayi goro da sabulu sanda biyu daga aljihunsa, ya je ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ya zauna ya ji lafiyarsu. Maganar shinkafa kuma ya kawo littafinsa ƙarshen wata mu ƙirga kayan tare.