Asabar, fadar karatu a Zango

Yau rana ta buɗe sosai, sai bayan la'asar na iya fita. Na hau kabu-kabu daga Birni zuwa Zango a nan Damagaram, gidan Mushe, tsohon malamin lakkol da muke taruwa a zaurensa. 'Yan unguwa "fadar 'yan boko" suke ce mana, don a saninsu fada wurin shayi ce da gardamar ƙwallo. Shayin dai muna sha, har na uku.

Littafin wannan wata Shaihu Umar ne na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Kwafin da ke hannunmu wani ɗan kasuwa ya zo da shi daga Kano, bangon ya daɗe da tafiya, an ɗinke gindin da zare. Shi ya sa a fili muke karatu, mutum ya yi shafi biyu ya miƙa wa na kusa. Yawancinmu da Faransanci muka koyi karatu, saboda haka in an ba mutum Hausa a rubuce sai ya fara in'ina, amma da ya ji muryarsa a kunnensa sai harshe ya sake.

Mushe bai bari an fara ba sai da ya maimaita tarihin da ba ya gajiya da shi: gasar rubuta littattafan Hausa ta 1933 da Baturen nan Rupert East ya shirya a Zariya, wadda ta haifi Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Idon Matambayi, Jiki Magayi da wannan namu na yau. Ya ce mu riƙa tunawa mai littafin malamin makaranta ne a lokacin, ba wanda ya san zai zama firaministan Najeriya.

Gardama ta tashi ne daga bakin wani ɗalibin jami'ar André Salifou, sabon shiga. Ya ce shi littafin ya yi masa sanyi. An sace yaro, an raba shi da uwarsa, an ratsa Sahara da shi, amma Shaihu yana ba da labarin a natse, ba ko ɗaga murya. Ya ce ina fushin?

Hajiya, wadda ba ta cika magana ba, ta aje kofinta ta ce, "Ɗana, kai Umar kake bi, ni uwarsa nake bi." Ta ce matar nan ta bar gida don neman ɗanta, aka bautar da ita, aka kai ta har Tarabulus, ranar da Allah ya haɗa su kuma rai ya riga ya ƙare mata. In wannan bai ishe ka fushi ba, me kake so a rubuta?

Ni ina bayan Hajiya. Tafawa Ɓalewa bai yi wa kowa huɗuba a kan bauta ba, ya jera abin da ya faru ya bar ka da shi, kuma natsuwar ce ta hana ni barci daren da na gama. Ga shi a Zango muke zaune. Ayarin Kano masu zuwa Tarabulus da yawa ta Damagaram suke bi su nufi Agadas, unguwar nan kuwa masaukinsu ce. Ba fata da gashin jimina kaɗai raƙuman suke tafe da su ba. Da na faɗi haka zauren ya ɗan yi shiru, Mushe ya ce, "To, a zuba na biyu."

Daga nan aka shiga ba juna shawara. Ɗalibin ya tambayi da wanne zai fara wa ƙannensa, kowa ya ce Ruwan Bagaja. Yaron da ya ji yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman suke yi wa juna tsiya ba zai aje littafi ba, kuma Abubakar Imam yana da shekara 22 kacal ya rubuta shi. Hajiya ta yabi Jiki Magayi, ta ce duk mai riƙo a zuciya ya karanta ya ga inda ramuwa take kai mutum. Ganɗoki ni tsakiyarsa ta gajiyar da ni, aljanu da yaƙi sun yi yawa, amma Mushe ya ce ban san daɗin kirari ba.

An tsayar da Sarraounia na Abdoulaye Mamani don wata mai zuwa, labarin sarauniyar Lugu da ta tare sojojin Faransa da Voulet da Chanoine suka jagoranta a 1899. Ya fito a 1980, da Faransanci, don haka an ɗora wa ɗalibin ya riƙa fassara wa Hajiya. An ce kowa ya ba da dala ɗari na kwafi. Ban biya nawa ba tukuna, sai Alhamis in na shiga kasuwar Dole zan biya ta gidan Mushe.