Ruwan da ya koma rawaya, da tambayar da Malam ya yi mini

A shekarata ta ƙarshe a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, aikin bincikena a kan ganyen zogale ne. Nakan shanya shi a inuwa, in daka, in tace ruwansa, in ɗiga a cikin wani sinadari shunayya da ake kira DPPH. Idan shunayyar ta koma rawaya, alama ce ganyen yana da abin da ke hana tsatsa. Tsatsa nake cewa don ita ce ta fi kusa: oksijin ɗin da muke shaƙa, idan jiki ya ƙona abinci da shi, yakan bar ɓurɓushi masu cin kitse da furotin da DNA, kamar yadda damina ke cin kwanon rufi.

Ruwana ya koma rawaya shar. Na kai wa Malam sakamakon ina ta washe baki. Ya duba ya ce, "To, ɗana, kwalba ta warke. Ita ƙwayar halitta mi ta ce?"

Ban da amsa. Sati biyu na yi ina karatu, a zafin Afrilu, kafin na gane cewa ƙwayar halitta ba ta zaman jiran taimako daga waje. Tana da wani furotin mai suna Nrf2, shi ne mai tayar da masu tsaro. Akwai kuma Keap1, wanda ɗakin binciken Masayuki Yamamoto a Japan ya bayyana a 1999, aikinsa ya riƙe Nrf2 ya miƙa shi a niƙe. Ana ƙera Nrf2 ba dare ba rana, ana kuma rusa shi cikin kamar minti 20. Da farko na ce wannan ai almubazzaranci ne. Sai wata safiya a Dundaye na lura da mai shayi: butarsa tana kan wuta ko babu kowa a benci, gawayi na ci, amma wanda ya zo ba ya jira. Haka abin yake. Keap1 yana da wasu gurabe masu ɗauke da farar wuta, da zarar ɓurɓushin tsatsa sun taɓa su sai riƙonsa ya saki. Sabon Nrf2 ya taru, ya shiga cibiyar ƙwayar halitta, ya kunna umarnin ƙera masu tsaron, irin su glutathione da NQO1 da HO-1. Ƙura ta lafa, Keap1 ya koma bakin aikinsa.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne sulforaphane, wanda Paul Talalay da abokan aikinsa suka fitar daga burokoli a 1992, kuma zogale yana da danginsa. Shi ba ya share tsatsa da kansa. Tsokana yake yi, ya ɗan ciji Keap1, jiki ya zabura ya ƙera garkuwarsa. Wato amfanin da nake nema a ganyen yana iya kasancewa a wurin da kwalbata ba ta gani sam.

Kuma yawan garkuwar ma ba kullum alheri ba ne. Wasu ƙwayoyin kansar huhu suna lalata Keap1, Nrf2 ya zauna a kunne, su samu mafaka daga maganin da ake ba mara lafiya. A Finland, binciken da aka fitar a 1994 kan maza masu shan taba kusan 29,000 ya nuna waɗanda aka ba ƙwayar beta-carotene, wani sinadari mai hana tsatsa, sun fi kamuwa da kansar huhu da kashi 18 cikin ɗari. Ni kuwa a babin farko na rubuta cewa irin waɗannan sinadarai ba sa illa. Da jan biro Malam ya zagaye layin, bai ce komai ba.

Na sake rubuta babin. Inda na ce zogale yana maganin tsatsar jiki, na mayar da shi cewa ruwan ganyen ya sauya launin DPPH a cikin kwalba, iyakar abin da idona ya gani ke nan. Da na koma gida Inna ta tambaye ni ko ta daina kwaɗon zogale. Na ce a'a, ta ma ƙara ƙuli-ƙuli.